Zumbur da Hannun Mai Aski

Ba a taɓa ganin ta sha shayi da zafinsa ba. Za ta zuba, ta ajiye, ta tuna da wani aiki, sai bayan azahar a tarar da kofin a bakin taga ƙuda ya faɗa ciki. Nas ce a sashen masu ƙuna na asibitin, aikinta wanke ciwo da ɗaure shi. Da ta ɗan zauna za ta miƙe zumbur kamar an tsikare ta, shi ya sa sunan ya bi ta, har ya danne na yanka. Mijinta ma, in ya kira wayar sashen, cewa yake a ba shi Zumbur.

Halin tun na ƙuruciya ne. Ita ce yarinyar da ke shuka wake da safe, ta tone da yamma ta ga ko ya tsiro. Wata rana tana ƙarama ta janyo tukunyar ruwa daga kan wuta don ta duba ko ya tafasa. Ya kuwa tafasa. Ya kwarara mata daga wuya zuwa kafaɗar hagu. Kakarta, baiwar Allah mai jin maganar kowa, ta shafa mata duk abin da maƙwabta suka kawo: ɗanyen ƙwai, toka, baƙin man inji, da wani dakakken ganye mai yauƙi. Ciwon ya ruɓe, ya yi wari, sai da ya kusa tafiya da ita kafin a kai ta asibiti. Tabon yana nan har yau, ya ɗaure mata wuya ta gefe ɗaya, in za ta waiwaya sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

Daga nan ta ɗaura gaba da maganin gida, musamman ganye. A sashen nan ba mai wucewa da ƙunshi ta gabanta.

"Baba, me ke cikin kwanon nan?"

"Ɗan abinci ne, 'yar nan, na kawo wa yaron."

"Abinci mai warin kwata? Buɗe mu gani. Yauwa! Wannan in kin shafa masa, gobe ni za ki zo kina yi wa kuka. Ga kwandon shara can, ki zuba da hannunki."

Tsofaffi suna tsine mata a ɓoye, marasa lafiya kuwa rububinta suke yi. Dalili kuwa, a wankin ƙuna sauri jinƙai ne. Cire bandejin da ya manne da ɗanyen nama azaba ce da ke sa ƙato ya kira sunan uwarsa. Ita sai ta jiƙa shi da ruwan gishiri, ta cika ka da surutu, ta tambaye ka 'ya'yanka nawa, me ya sa ba ka yanke farce, kafin ka gama ba ta amsa ta cire, ta wanke, tana naɗe sabo. Wasu sai ta wuce gado na gaba suke tuna ba su yi ihu ba.

Allah da ikonsa ya haɗa ta da miji mai sanyin hali, direban motar 'yan makaranta, wanda bai taɓa wuce wata mota a kan titi ba. In tana zagaye falo tana neman mukullin da ke hannunta, sai ya ce, "Hajiya, sauri ya haifi nawa." Ita kuma ta ce, "Nawa kuma ta haifi kai." Haka suka tsufa tare, 'ya'ya suka girma suka watse.

Ana nan sai ga wata matashiya daga sashen haɗa magunguna na jami'a, siririya, mai tabarau, ba ta da hayaniya, ta zo da akwatin sanyi a hannu. Likitan tiyata na sashen, wani dogon mutum da ba ya son doguwar magana, ya tara ma'aikata ya ce za a gwada wani sabon man shafawa da aka tato daga ganyen wata bishiya. Zumbur ta riƙe ƙugu.

"Likita, ganye fa ka ce? Ni ina korar shi ta ƙofa, ku kuna shigo da shi ta taga?"

Matashiyar ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Anti, kin yi gaskiya da kike korar shi. Ganyen da aka daka a turmi yana zuwa da ƙasa da ƙwayoyin cuta, kuma ba wanda ya san yawan abin da ke cikinsa. Mu abin da ke da amfani a ciki muka ware, muka tace, muka auna. A ɗakin gwaji mun ga yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana rage kumburi, yana kuma riƙe danshin ciwo don sabuwar fata ta samu ta rarrafo. Amma a jikin mutum ba mu tabbatar ba tukuna. Abin da ya kawo ni ke nan."

"To, 'Yar Ganye, mun ji," in ji Zumbur. Sunan ya zauna daga ranar.

Tsarin gwajin mai sauƙi ne. Duk wanda ya ƙone a wuri biyu masu kama da juna, in ya yarda, za a shafa wa wuri ɗaya sabon man, ɗayan kuma man da asibiti ya saba amfani da shi. Dukansu farare ne, a cikin robobi iri ɗaya, sai dai wannan jan murfi, wancan shuɗi. Ba a gaya wa kowa wanne ne wanne ba, don kada son zuciya ya shiga idon mai dubawa. An manta da abu ɗaya, hancin Zumbur. Ranar farko ta buɗe, ta shinshina, ta ji mai jan murfi yana ɗan ƙamshin ciyawar da aka yanka. Ta rufe ta bar abin a ranta, abin da ba ta saba ba.

Gani ya kori ji. Wata mai toye-toye da mai ya fallatsa wa cinyoyi, gefen jan murfi ya riga ɗayan warkewa. Wani birkila ma haka. Ko da gaske ne, ko idonta ne ke ganin abin da yake so, Allah masani. Amma Zumbur ba ta iya son abu rabi da rabi ba. Matar da ta shekara da shekaru tana zubar da ganye a shara ta wayi gari tana lallaɓa robar jan murfi kamar jaririya.

A cikin wannan yanayi aka kawo wani mai aski. Janaretan shagonsa ne ya kama da wuta yana ƙara masa fetur, ya sa hannu biyu ya jawo shi waje don kada shagunan maƙwabta su kama. Bayan hannayen duka biyu ya saɓule har zuwa yatsu. Mutum ne mai barkwanci, ko a kan gadon yana tsokanar na kusa da shi cewa in an sallame su zai gyara masa wannan ƙeyar kyauta. Amma da aka bar shi da Zumbur a ɗakin wanki, sai ya sassauta murya.

"Anti, ki gaya min tsakani da Allah. Zan sake riƙe almakashi?"

"In sha Allahu."

"Na hagu ko ya tafi ba komai, tsefe kawai yake riƙewa. Na daman nan shi ne shagon. Shi ne abincin yara."

Ya yarda ya shiga gwajin. Aka yi ƙuri'a, hannun hagu ya samu jan murfi, na dama ya samu shuɗi. Zumbur ta ji kamar ta kwashe ƙuri'ar ta sake jefawa.

Kwanaki suka tafi. Na hagu ya yi ja wur, ɗigo-ɗigon sabuwar fata suka fara bayyana a tsakiyarsa suna haɗewa. Na dama ya tsaya cik. Kullum ta buɗe bandeji sai gabanta ya faɗi. Ta koma gida ta kasa cin abinci, ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta wanke kwanukan da ke kife. Mijin ya bi ta da ido, ya ce, "Wannan karon wa ya taɓa ki?"

"Ina da maganin a hannuna, an ce in shafa wa hannun da ba ya buƙata."

"Su da suka ce haka ba su da dalili?"

"Dalilinsu na takarda ne. Ni mutum nake gani."

Ya buɗe baki, ya ga ta riga ta shige ɗaki.

Da safe ta tare 'Yar Ganye a baranda, ta ce a sauya wa mai aski. Matashiyar ta gyara tabarau ta ce, "Anti, ban san wanne ne a wane hannu ba, kuma ba na so in sani. In muka sauya duk lokacin da zuciyarmu ta karkata, har abada ba za mu san ko man nan yana aiki ba. In hannun bai ci gaba ba, ki gaya wa likita, shi ya san abin yi."

Ba ta gaya wa likita ba. Ta shiga ɗakin wanki, ta tura ƙofa da ƙafa, ta lakato mai jan murfi ta shafe hannun dama da shi, ta naɗe. A ranta cewa take, ai taimako ne, wa zai ga mutum yana nitsewa ya tsaya neman izini? Washegari ma haka, da ranar da ta biyo.

Ita kuwa ƙuna munafuka ce, ba ta nuna zurfinta ranar farko. Wadda ta tsaya a sama takan yi ja, ta yi zafi kamar hauka, ta yi jini in an taɓa. Wadda ta nutse takan yi fari kamar kyandir, ba ta zafi, mai ita har ya ɗauka sauƙi ne. Zumbur ta san wannan fiye da sunan 'ya'yanta, ita ke koya wa sababbin ma'aikata. Amma da mai aski ya ce mata, "Anti, na daman nan fa ya daina zafi," sai ta ji daɗi ta ce, "Ka gani ko?"

Ranar da likita ya zo zagaye ya sa aka buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya danna tsakiyar ciwon da auduga, mai aski bai ko motsa ba.

"Wannan ya yi zurfi," in ji shi. "Ba zai rufe da kansa ba. Za mu ɗebo fata daga cinyarka mu dasa a nan, kuma cikin makon nan. In aka bar shi, tabo zai ja yatsun su ƙage."

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗora reza a wuyan mutane, da ya ji za a sa masa wuƙa sai ya ja da baya. Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Da likita ya fita, ya juyo wurin Zumbur da idanu jajur.

"Anti, ke kike ganin ciwon nan kullum. In ɗanki ne ni, me za ki ce?"

Nan ne fa. Da ta ce masa ya bi maganar likita, da shi ke nan. Amma ta san abin da likita bai sani ba, cewa hannun bai daɗe da fara samun jan murfi ba, kuma a ganinta ba a ba maganin lokacinsa ba. Matar da ba ta taɓa jiran tukunya ta nuna ba ta dube shi ta ce, "Ka ɗan jira. Ka ba shi lokaci. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Ya jira. Likita ya dawo, mai aski ya ce yana nan yana shawara. Ya sake dawowa, mai aski ya ce matarsa ba ta yarda ba, alhali matar kuka take tana roƙon sa ya yarda. Likita ya yi faɗa, ya yi lallashi, amma ba a yi wa mutum tiyata dole. Ita kuma Zumbur ta rasa sukuni gaba ɗaya. Takan zo aiki kafin lokacinta, ta buɗe bandejin da bai kamata a buɗe ba sai gobe, ta kai fuskarta dab da ciwon tana neman ɗigon fata ko guda. Wani lokaci ta ga kamar ga shi nan, ta goge da auduga, ya bi audugar. Na hagu ya warke sarai har yana ƙaiƙayi. Na dama ya tara wani jan nama mai tsiro, gefensa ya fara tattarewa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara karkata.

'Yar Ganye ce ta gano. Ta zo karɓar robobin mai aski, ta ga mai jan murfi ta kusa ƙarewa, mai shuɗi kuwa da nauyinta kamar ba a taɓa ba. Ta tsaya da su a hannu biyu a ƙofar ɗakin wanki. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Anti, tun yaushe?"

Zumbur ta faɗa mata.

"Kuma ke kika ce masa ya jira?"

"Ai na ga yadda ya yi wa na hagu..."

"Na hagu yana da sauran rai a ƙasansa," in ji likita, wanda ya iso bayansu ba su ji ba. "Sabuwar fata daga saiwar gashi take tsirowa, da 'yan ramukan gumi. In wuta ta bar su, magani mai kyau zai iya taimaka musu. In ta cinye su, ko me kika shafa a banza. Man nan takin gona ne, Sista, ba iri ba. Kin san wannan."

Ta sani. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ba ta da inda za ta ɓuya ta ce jahilci ne. Ta juya da jikinta gaba ɗaya ta nufi gadon mai aski, kusan da gudu, ta durƙusa a gefensa.

"Ƙanena, na ba ka gurguwar shawara. Ka yarda a yi aikin nan yau, ba gobe ba."

Ya dube ta ya dubi hannun. "Anti, ba ke kika ce..."

"Ni na ce, kuma ban yi daidai ba. Don Allah ka yarda."

Aka yi aikin, fatar ta kama. Amma lokaci ya riga ya ci nasa. Mai gashin ƙashi ya yi ta fama da yatsun, yana lanƙwasawa yana miƙarwa, mai aski yana cije leɓe. Uku suka dawo. Ƙaramin da na kusa da shi suka ƙage a tanƙware, babban yatsa kuma, ko da ya dawo, ba ya kaiwa inda ya saba kaiwa. Likita ya ce ko da an yi da wuri ba lallai hannun ya koma kamar da ba, amma da ya fi haka. Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai rage ba.

An cire mai aski daga lissafin gwajin, an kuma hana Zumbur taɓa robobin. Aka ja mata kunne a ofis. Gwajin ya ci gaba ba tare da ita ba. In ta haɗu da 'Yar Ganye a baranda sukan gaisa, matashiyar ta ce ana samun alamu masu kyau a ƙunar da ba ta yi zurfi ba, amma da sauran aiki kafin a ce komai. Zumbur takan ce Allah ya taimaka, ta wuce. Ba ta rage sauri a wanki ba, marasa lafiya ba su daina neman ta ba. Sai dai yanzu in wani ya ce mata, "Sista, me kika gani?" takan ce, "Bari in kira likita," ta tafi kiran sa da kanta.

Bayan wasu watanni, ran hutunta, ta ce wa mijinta za ta kasuwa. Ba kasuwa ta je ba. Ta nemi layin da shagon yake, ta wuce ta gabansa, ta kai ƙarshen layi ta dawo, ta sake wucewa. A zagaye na gaba ya hango ta ta madubi.

"Anti! Yau a shagona? Shigo mana, ko gyaran fuska za a yi?"

Shagon ƙarami ne, bangon da wuta ta lasa an shafe shi da sabon fenti. Wani dattijo na zaune a kujera da mayafi a wuya. Mai aski ya koma riƙe injin aski da hagu, yana bi a hankali kamar ɗan koyo, dama kuma ta maƙale tsefe a tsakanin yatsun da suka rage.

"Ya hannun?" ta tambaya.

"Alhamdulillahi. Samari sun gudu, sun ce na cika nawa. Dattawa suka rage min, su da ba su da inda za su je." Ya yi dariya, dattijon ma ya yi. "Almakashi ne dai har yanzu muke rigima da shi."

Ta shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka tsere. Shi ma bai taimake ta ba, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ajiye injin, ya zura babban yatsa da na tsakiya cikin almakashi don ya daidaita wa dattijon gefen gemu. Ya buɗe, ya rufe, a karo na biyu almakashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ya shige ƙarƙashin kujera.

Kafin almakashin ya gama ƙara ta riga ta sunkuya.

"Bar shi, Anti," ya ce. Babu wasa a muryar. "Ni zan ɗauka."

Ta janye hannunta. Ya durƙusa, ya miƙa hannun dama, ba na hagu ba. Yatsun suka taɓa ƙarfen suka ture shi gaba. Ya sake miƙawa, ya kama, ya zame. Dattijon ya kawar da kai yana kallon bango. Zumbur ta tsaya a tsakiyar shagon, ta damƙe jakarta da hannu biyu, hawaye na zubo mata, tana kallo yana sake gwadawa.